Kasuwar hunturu a besbol: kuɗin da ake ƙirgawa da sunan da ake bari

Ranar Juma'a 8 ga Disamba 2023, dubban mutane a Kanada da Amurka sun wuni idonsu a kan waya, suna bin sawun wani ƙaramin jirgin sama da ya tashi daga kudancin Kalifoniya ya nufi Toronto. Magana ta bazu cewa Shohei Ohtani, tauraron besbol ɗan Japan, ne a ciki, zai je ya sa hannu da ƙungiyar Blue Jays. Da jirgin ya sauka aka buɗe ƙofa, wani ɗan kasuwa ɗan Kanada ne ya fito. Ohtani yana gidansa. Washegari ya ɗora tambarin Los Angeles Dodgers a shafinsa na Instagram, daga nan aka ji adadin: dala miliyan 700 na shekara 10.

A wannan wata babu wasa ko ɗaya. Filayen gasar a rufe suke, wasu ma dusar ƙanƙara ta lulluɓe su. Amma abin da aka yanke a wannan Asabar ɗin shi ya tsara wanda zai ɗaga kofi shekara biyu a jere, kuma shi ya sauya yadda za a ba da labarin Ohtani bayan ya ajiye sanda. Wannan ne ya sa nake ganin wanda ke son fahimtar besbol, ya kamata ya san hunturunsa kamar yadda ya san bazararsa.

Babbar gasar, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a Toronto. Kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Oktoba watan tankaɗe da rairaya ne, har a kai ga karon ƙarshe na World Series, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ke zama zakara. Kwana biyar bayan an gama, duk ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare kuma ya cika sharaɗi yana da damar sa hannu da wanda ya ga dama. A Disamba shugabannin ƙungiyoyi da wakilan 'yan wasa kan taru a otal ɗaya su yi kwanaki ana ciniki. Zuwa Fabrairu an koma atisaye a jihohin Florida da Arizona. Amurkawa kan kira wannan tsakani da lokacin murhu mai zafi, saboda a da magoya baya kan kewaye murhu cikin sanyi suna gardamar wa zai tafi, wa zai zo.

Mu da muka saba da kasuwar ƙwallon ƙafa ta Turai, sai mun ajiye abin da muka sani a gefe. A nan ƙungiya ba ta biyan wata ƙungiya maƙudan kuɗi don ta sayi tauraro. Ko dai a yi musaya, a ba da ɗan wasa a karɓi wasu, galibi matasa masu tasowa, ko kuwa a jira mutum ya zama mai cin gashin kansa, kuɗin duka su shiga aljihunsa. Inda ake biyan ƙungiya kuɗi sosai shi ne idan an ɗauko ɗan wasa daga Japan ko Koriya ta Kudu kafin wa'adinsa ya cika. Sannan kwantiragin manyan 'yan wasa tabbatacce ne. Ko ya ji rauni, ko hannunsa ya mutu, ko an sallame shi, sai an biya shi har kwabon ƙarshe.

Jijiyar al'amarin tana cikin dokar shekara shida. Matashin da ya shigo babbar gasa, a shekarunsa uku na farko ƙungiya ce ke yanke masa albashi, kuma yawanci bai wuce mafi ƙarancin da aka amince ba, wanda a 2025 dala dubu 760 ne. Shekara uku na gaba yana iya kai ƙara gaban masu sulhu a ƙara masa. Sai ya cika shida cif kafin ya fita kasuwa. Tunda akasarinsu ba sa samun gindin zama sai sun kai 23 ko 24, suna isa kasuwa ne suna dab da 30 ko sun haura. Ma'ana, shekarun da ɗan wasa ya fi ƙarfi an riga an ci su da araha, babban kuɗin kuma yana zuwa ne daidai lokacin da jiki ya fara ja da baya. Wanda ya sayi tauraro a Disamba, aikin jiya yake biya, yana fatan gobe ta yi kama da shi.

Aaron Judge ya gane wannan lissafi, ya yi caca da kansa. Kafin kakar 2022 New York Yankees sun miƙa masa dala miliyan 213.5 na shekara bakwai, ya ce a'a. A wannan kakar ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 62, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ke tsaye a American League, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, tun 1961. A Disamba ya karɓi miliyan 360 na shekara tara, aka kuma naɗa shi kyaftin. Nasa ya yi kyau. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Albert Pujols, domin a cikinsa ake ganin yadda sa hannu ɗaya ke raba rayuwar mutum gida biyu. Daga 2001 zuwa 2011 yana St. Louis Cardinals, kuma a waɗannan shekaru 11 da wuya a nuna mai bugun da ya fi shi a duniya. Sau uku yana zama gwarzon ɗan wasa, a 2005 da 2008 da 2009. Ya ɗauki kofi a 2006 da 2011. Ya tsallake katanga sau 445. St. Louis gari ne da ke riƙe gwarazansa da hannu biyu. Mutum-mutumin Stan Musial, wanda ya yi kaka 22 bai taɓa sa rigar kowa ba sai tasu, yana tsaye a ƙofar filin wasansu. Kowa ya ɗauka Pujols ne magajinsa. Makonni kaɗan bayan kofin 2011, sai ya sa hannu da Los Angeles Angels, shekara 10, dala miliyan 240. Yana da shekara 31, saura wata ɗaya ya cika 32.

Abin da ya biyo baya ba faɗuwa ba ce ta dare ɗaya, zaizaya ce a hankali. Ciwon tafin ƙafa da na gwiwa suka hana shi gudu. Mutumin da a St. Louis yake samun bugu mai kyau kusan sau ɗaya cikin kowane uku, a Angels ya koma kusan ɗaya cikin huɗu. Sau ɗaya tak ƙungiyar ta shiga wasannin Oktoba da shi, a 2014, Kansas City Royals suka fitar da su a wasa uku a jere. A Mayu 2021, cikin shekarar ƙarshe ta kwantiragin, aka sallame shi. Yaron da ya fara kallon besbol a 2015 bai san wancan Pujols ɗin ba. Wani dattijo ya sani mai jan ƙafa da babban albashi.

Tsohon doki sai mai shi. A 2022 ya koma St. Louis a kan dala miliyan 2.5 kacal, yana da shekara 42, sai ga shi ya tsallake katanga sau 24. Daren 23 ga Satumba, a filin Dodgers, ya buga na 699 da na 700 a wasa ɗaya, ya zama mutum na huɗu da ya kai wannan adadi bayan Babe Ruth da Hank Aaron da Barry Bonds. Ya rufe da 703. A ganina, wannan ƙaramin kwantiragi na ƙarshe ya yi wa sunansa aikin da miliyan 240 ba su yi ba. Bai ƙara masa dukiyar a zo a gani ba, amma ya mayar da shi hannun mutanen da za su riƙa ba jikokinsu labarinsa. Kuma ban ga laifinsa a tafiyar farko ba. Ya yi shekara 11 ana biyansa ƙasa da ƙimarsa, aka zo aka miƙa masa haƙƙinsa, ya karɓa.

Juan Soto ya tsere wa wannan tarkon shekaru ne saboda ya shigo da wuri. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne, ya fara babbar gasa yana da 19, ya ɗauki kofi da Washington Nationals a 2019. A 2022 ya ƙi tayin dala miliyan 440, aka yi musayarsa zuwa San Diego, daga can zuwa Yankees. Ya fita kasuwa yana da 26, ƙarfinsa na gabansa, kuma a Disamba 2024 New York Mets na attajiri Steve Cohen suka ba shi miliyan 765 na shekara 15, kwantiragi mafi girma da aka taɓa yi a besbol zuwa lokacin. A kakarsa ta farko ya tsallake katanga sau 43. Mets kuwa ba su ko leƙa Oktoba ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda wasan yake. A ƙwallon kwando tauraro ɗaya yana iya riƙe ƙwallo duk dare. A besbol masu bugu tara ne a jere, komai gwanintarka sai layi ya zo kanka, sau huɗu ko biyar a wasa. Babban mai jifa kuma, wato mai jefo wa masu bugu ƙwallo, sai bayan kwana huɗu ko biyar yake fitowa. Shaida mafi ƙarfi ita ce Angels ɗin nan dai. Daga 2018 zuwa 2023 suna da Ohtani, suna da Mike Trout wanda sau uku yana zama gwarzo, amma cikin kakar nan shida babu wadda nasararsu ta rinjayi rashin nasara. Trout ya zaɓi zama, ya sa hannu a miliyan 426.5 a 2019, kuma wasa uku na 2014 su ne kawai abin da ya gani na Oktoba har zuwa 2025. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin yana cikin mafi gwaninta da aka taɓa gani, amma babu wani dare guda da duniya za ta ce ga daren Trout.

Ohtani ya zauna kusa da wannan ya gani da idonsa, kuma a nan ne sirrin kwantiraginsa yake. Cikin miliyan 700, miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara yayin da yake wasa. Sauran miliyan 680 an jinkirta su, za a riƙa ba shi miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, babu ruwa a kai. An ruwaito cewa shawarar daga gare shi ta fito, kuma kuɗin talla da yake samu, musamman daga kamfanonin Japan, ya ishe shi rayuwa.

Amfanin jinkirin yana da alaƙa da haraji. MLB ba ta da dokar da ta ƙayyade iyakar albashi, saɓanin sauran manyan gasannin Amurka. Abin da take da shi geji ne: a 2024 dala miliyan 237, a 2025 miliyan 241. Ƙungiyar da jimillar albashinta ta haura gejin za ta biya haraji a kan rarar, kashi 20 cikin ɗari a karon farko, 30 a na biyu, 50 daga na uku, da ƙari ga wanda ya zarce sosai. Tunda dalar 2040 ba ta kai ta yau daraja ba, a lissafin harajin ana ɗaukar albashin Ohtani a matsayin kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Jinkirta albashi ba sabon abu ba ne. Mets suna biyan Bobby Bonilla kusan dala miliyan 1.19 duk ranar 1 ga Yuli, daga 2011 har 2035, saboda miliyan 5.9 da suka ɗage biya a 2000 da ruwan kashi 8. Amma ba a taɓa ganin wanda ya ɗage kusan dukan albashinsa ba. Ohtani har sharaɗi ya sa cewa idan mai ƙungiyar, Mark Walter, ko shugaban sashen wasa, Andrew Friedman, ya bar aiki, shi ma yana da damar tafiya. Wannan ya nuna mutanen da za su gina ƙungiya yake bi, ba riga ba.

Cikin watan nan na Disamba 2023 Dodgers suka ɗauko mai jifa Yoshinobu Yamamoto daga Orix Buffaloes ta Japan, shekara 12, dala miliyan 325, ban da kusan miliyan 50 da suka biya ƙungiyarsa. A 2024 Ohtani ya tsallake katanga sau 54, ya saci zango, wato ya ruga zuwa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba, sau 59, mutum na farko da ya haɗa 50 da 50 a kaka ɗaya, Dodgers suka doke Yankees suka ɗauki kofi. A 2025 suka dawo, kuma abokan karawarsu su ne Toronto, mutanen da suka jira jirgin nan. Aka kai wasa na bakwai a filin Toronto. Yamamoto, wanda ya yi jifa a wasa na shida daren jiya, ya sake fitowa ba hutu ya rufe wasan, Dodgers suka ci 5 da 4 a zagaye na 11. Rabon da wata ƙungiya ta kare kofinta tun Yankees a 2000.

Masu goyon bayan ƙananan ƙungiyoyi, irin na Pittsburgh da Cleveland, suna kukan cewa masu kuɗi sun mamaye kasuwa, kuma kukansu yana da tushe. Su ne ke renon yaro shekara shida, sannan su kalle shi ya tafi. Amma maganin da masu ƙungiyoyi suka daɗe suna nema, wato ƙayyade albashi, daga aljihun 'yan wasa zai fito. A kan wannan aka yi yajin aikin 1994 da ya hana buga World Series. An kuma rufe gasar kwana 99 kafin a cimma yarjejeniyar Maris 2022, wadda wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne.

Inda ake yanke hukuncin ƙarshe kan suna shi ne Zauren Gwaraza da ke ƙaramin garin Cooperstown a jihar New York. Sai mutum ya yi kaka 10 aƙalla, ya yi shekara biyar da ritaya, sannan marubuta wasanni su kaɗa ƙuri'a, kuma sai ya samu kashi 75 cikin ɗari. Mariano Rivera kaɗai ya taɓa samun duka ƙuri'un, a 2019. Derek Jeter a 2020 da Ichiro Suzuki a 2025 kowannensu ƙuri'a ɗaya ya rasa. Barry Bonds, mai tsallaken katanga 762 da kyautar gwarzo bakwai, ya gama shekarunsa 10 a takardar zaɓe a 2022 da kashi 66, saboda zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Kowane gwarzo ana zana fuskarsa a allon tagulla, sanye da hula, kuma a kan hular nan ake ganin tabon hunturu. Tun 2001 Zauren ne ke da ta cewa kan tambarin da za a sa. Andre Dawson ya so hular Chicago Cubs, aka sa masa ta Montreal Expos a 2010, ƙungiyar da ta riga ta tashi ta koma Washington. Greg Maddux, da ya kasa zaɓa tsakanin Cubs da Atlanta Braves, ya shiga a 2014 da hula ba tambari. Jeter da Rivera ba su san wannan damuwa ba, haka Clayton Kershaw da ya yi ritaya a 2025 bayan kaka 18 a Dodgers ba zai san ta ba. Amma zama wuri ɗaya ba a hannun ɗan wasa kaɗai yake ba. Freddie Freeman ya yi kaka 12 a Atlanta, ya kawo musu kofin 2021, a Maris 2022 suka ɗauko wani a gurbinsa. Da ya dawo garin da rigar Dodgers a Yuni, ya zauna gaban 'yan jarida yana kuka har magana ta gagare shi. Shekara biyu bayan nan, a wasan farko na World Series na 2024, da idon sawu mai ciwo, ya yi bugun da ya kawo maki huɗu ya rufe wasa, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin karon. Yanzu garuruwa biyu ne ke cewa nasu ne.

Duk wannan zaɓi, na Pujols da na Soto da na Ohtani, kusan shekara ɗari babu shi. Tun 1879 akwai wani sharaɗi a kwantiragi da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa muddin tana so, ko da wa'adi ya ƙare. A Disamba 1919 mai Boston Red Sox ya sayar da Babe Ruth ga Yankees a kan dala dubu 100, kuma Boston, da ta ɗauki kofi a 1918, ba ta sake ɗauka ba sai 2004. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya tsaya ya ce a'a har gaban kotun ƙoli shi ne Curt Flood, baƙar fata, mai tsaron tsakiyar fili na St. Louis na shekara 12, da kofi biyu da kyautar tsaro bakwai. A Oktoba 1969 aka yi musayarsa zuwa Philadelphia ba da yardarsa ba. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa kwamishinan gasar, Bowie Kuhn, cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar ba tare da jin ta bakinsa ba. Albashinsa a lokacin dala dubu 90 ne, kuɗi mai yawa, kuma ya san zai rasa shi. Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ya mara masa baya. A kotu, babu ɗan wasa ko ɗaya mai ci a lokacin da ya zo ya ba da shaida dominsa. Tsofaffi ne suka zo, Jackie Robinson da Hank Greenberg. A Yuni 1972 kotun ƙoli ta kayar da shi, alƙalai biyar da uku. Bai buga ko wasa ɗaya a 1970 ba, a 1971 ya buga 13 da Washington Senators, shi ke nan wasansa ya ƙare.

Ƙofar ta buɗe ne a Disamba 1975, lokacin da mai sulhu Peter Seitz ya yanke cewa 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun kuɓuta daga wancan sharaɗi, masu ƙungiyoyi kuma suka sallami Seitz nan take. A 1976 aka amince da dokar shekara shida, shekara 19 kafin hukuncin Bosman ya yi wa 'yan ƙwallon ƙafa na Turai irin wannan gata. Flood ya rasu a Janairu 1997 yana da shekara 59. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta yi doka da sunansa. An zaɓi Miller zuwa Cooperstown a Disamba 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kuma a Fabrairu 2020 'yan majalisa fiye da ɗari suka rubuta wasiƙa suna roƙon a shigar da Flood shi ma. Har zuwa 2025, babu allon tagulla mai ɗauke da fuskarsa a wannan zaure.